Yadda ake gyara takardar sallamar tsohon sojan Amurka a saka lambobin yabon da aka tsallake

Ni shekara shida na yi a sojan ƙasa na Amurka, na fita a 2006 da igiya uku, kuma ranar da aka miƙo min takardar sallama ko karantawa ban yi ba na sa hannu, hankalina yana kan jakata da motar da ke jirana a waje. Sai bayan shekaru da na tashi neman aikin gwamnati na zauna na karanta ta layi-layi, sai na ga inda ake rubuta zaman da mutum ya yi a ƙasar waje sifili ne reras, alhali shekara guda cur na yi a Iraƙi ina shan ƙura. Daga gyaran tawa ne na koyi abin, daga nan kuma duk wani ɗan'uwa da ya taɓa sa kaki, ko na Kano ne ko na Zongon Kumasi ko na Damagaram, in an idar da sallar Juma'a sai ka ga ya jawo ni gefe da takardarsa a ninke cikin aljihu. To ga yadda nake yi, kuma kusan duk misalan na sojan ƙasa ne don shi na fi sani, inda na ruwa da na sama suka bambanta zan faɗa.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu. Lambar yabon fagen daga ba roƙonta ake ba, ba kuma sai wani oga ya yaba maka ba, in dai ka kasance a wurin a cikin kwanakin da doka ta ƙayyade to taka ce. Aikinka kawai ka tabbatar da wuri da kwanan wata da takardar da gwamnati da kanta ta buga. Su ofisoshin nan a ƙa'idarsu abin da ke fayil daidai ne har sai ka kawo hujjar cewa ba daidai ba ne, saboda haka rantsuwa da dogon labari ba sa aiki a nan.

Wani zai ce to meye amfanin wahalar, ƙarfe ne fa da ɗan ƙyalle. Ba ƙarfen ba ne. Lambar fagen daga a takardarka tana iya ba ka ƙarin maki biyar wajen neman aikin gwamnatin tarayya, da ita ƙungiyar VFW ta tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a ƙasashen waje take karɓar mamba, sannan tun da aka sa hannu a dokar PACT a Agustan 2022, wadda ta shafi waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansani, inda ka yi aiki ya zama babbar magana a wajen ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA. Wanda ya zauna Iraƙi ko Kuwait ko Saudiyya ko Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, ko Afganistan ko Jibuti ko Siriya daga 11 ga Satumba 2001, akwai cututtukan da ake ɗauka kai tsaye cewa aikin ne ya jawo. In takardarka ba ta nuna ka je ba, ka ga ka ƙara wa kanka zirga-zirga.

Abubuwan da za ka tanada

- Takardar sallama DD 214, doguwar wadda aka rubuta Member 4 a ƙasanta. In sau biyu ko uku aka sallame ka, duka za ka nemo. Ɗan National Guard, wato rundunar sojan jiha, ya haɗa da tasu takardar sallamar, NGB 22.
- Odar tafiya da aka tura ku da ita, da ta dawowa in akwai.
- Takardun albashi na wata-wata da ake kira LES, na watannin da kake can.
- Takardar tarihin aiki, ERB ga kurata da sajoji, ORB ga hafsoshi, tsofaffi kuma DA 2-1.
- Rahoton shekara da oga ke rubutawa a kanka, da duk wata takardar yabo da ta ambaci wuri.
- Fom SF 180 na neman takardun aikin soja da fom DD 149 na neman kwamiti ya gyara fayil, dukansu kyauta ake saukewa a intanet. Ka sauke sabon bugu, kar ka karɓi tsohon fotokwafi a hannun wani.
- Na'urar sikanin ko waya mai kyamara mai kyau, da fayil ɗaya na roba da komai zai zauna a ciki.

In ba ka da rabin waɗannan kar ka damu, yawancin masu zuwa wajena DD 214 ɗin kaɗai suke da ita, wani ma ita ɗin ta ɓace a ƙaura. Mataki na biyu zai gyara wannan.

1. Karanta takardar da biro a hannu

A irin takardar zamaninmu, gurbi uku ne namu. Gurbi na 12f shi ne jimillar zaman ƙasar waje, shekara da wata da kwana. Gurbi na 13 shi ne jerin lambobin yabo. Gurbi na 18 kuma na ƙarin bayani ne, a nan ake rubuta ƙasar da aka tura ka da ranar shiga da ta fita. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su duba 13 su ga babu lambarsu su fara kumfar baki, alhali gurbin ne ya cika aka ƙarasa jerin a 18, ko ma a shafin ci gaba. Karanta har ƙarshe tukuna.

Sai maganar kwanan wata. Soja shekara yake fara rubutawa, sai wata, sai rana, wato 20050110 na nufin 10 ga Janairu 2005. Farar hular Amurka kuma wata suke sawa gaba, mu kuma a gida rana muke sawa gaba, to in ka cakuɗa su a fom sai 5 ga Oktoba ta koma 10 ga Mayu, kwanakinka su ƙi haɗuwa da na fayil. Ka bi tsarin soja a ko'ina.

A wata farar takarda ka rubuta duk inda ka je da ranar isa da ranar tashi iya yadda ka tuna, a gefe kuma abin da DD 214 ta ce. Inda suka saɓa, nan ne aikin.

2. Nemo cikakken fayil ɗinka

Kar ka rubuta wa kowa ƙorafi kafin ka ga abin da ke fayil ɗinka, don sau da yawa hujjar tana ciki tana kwance, kawai ba a kwafo ta kan takardar sallama ba ne. Wanda ya bar sojan ƙasa daga Oktoban 2002 zuwa yanzu, fayil ɗinsa na kwamfuta ne, zai iya buɗe asusu a shafin intanet na ma'aikatar tsaro mai suna milConnect ya nema a turo masa. Na sama daga Oktoban 2004 ne, na ruwa daga 1995, Marin, wato rundunar Marine Corps, daga 1999. Wanda ya fita kafin nan sai ya nufi babbar ma'ajiyar takardun ma'aikata ta ƙasa, NPRC, da ke St. Louis a jihar Mizuri, ko ta intanet ta eVetRecs ko ya cike SF 180 ya aika. A fom ɗin ka rubuta ƙarara cewa cikakken fayil kake so, in ba haka ba DD 214 kaɗai za a turo maka, wadda dama tana hannunka. Kyauta ne ga tsohon soja da magadansa na kusa, sai dai fayil ɗin da ya kai shekara 62 da sallama, shi ya koma kayan tarihi ana biyan kuɗin kwafi.

Masu nema wa kaka ko uba su san da gobarar 12 ga Yuli 1973 da ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyar, akasari na sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960, da wani kaso na sojan sama na 1947 zuwa farkon 1964. In naku yana ciki suna ƙoƙarin harhaɗo bayani daga wasu wuraren, kamar takardun biyan kuɗi na ƙarshe da rahoton safiya na kamfani, amma sai ka taimaka musu da sunan rundunar da shekarun.

Ɗan Guard, fayil ɗinka da yawa yana hedikwatar Guard ta jiharka, can za ka fara.

Sai abin da ya shafe mu musamman, suna. Wani ya shiga soja yana Abdulai, fasfo ya ce Abdullahi, wani Mohammed a nan Muhammad a can, wani kuma ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa ya canza suna gaba ɗaya. A kowane fom ka sa sunan da ka yi aiki da shi harafi-harafi yadda yake a DD 214, in sunanka na yanzu daban ne ka haɗa da takardar kotu ko ta zama ɗan ƙasa da ta nuna canjin.

3. Gano wace lamba ce ta dace da kai

Nan ne ake ɓata lokaci kuma nan ne ya cancanci a ɓata shi. Ba za ka rubuta musu cewa a ba ni duk abin da na cancanta ba, sunan lambar za ka faɗa daidai yadda yake a doka, ta sojan ƙasa kuwa tana cikin littafin ƙa'ida AR 600-8-22. Galibin lambobin nan sharaɗinsu kwana 30 a jere ne ko 60 a rarrabe, sai dai wanda aka yi artabu da shi ko aka ji masa rauni aka kwashe shi, shi ba a ƙirga masa kwana.

Iraq Campaign Medal daga 19 ga Maris 2003 take zuwa 31 ga Disamba 2011. Wanda ya koma Iraƙi ko Siriya lokacin yaƙin ISIS tasa daban ce, Inherent Resolve Campaign Medal, wadda aka ƙirƙira a 2016 aka mayar da ita baya zuwa 15 ga Yuni 2014. Afghanistan Campaign Medal an rufe ta ƙarshen Agustan 2021. Na yaƙin Tekun Fasha suna da Southwest Asia Service Medal daga 2 ga Agusta 1990 zuwa 30 ga Nuwamba 1995, ga kuma lambobin 'yanto Kuwait guda biyu, ta Saudiyya wadda ta taƙaita daga 17 ga Janairu zuwa 28 ga Fabrairu 1991, da ta Kuwait wadda ta kai har 31 ga Agusta 1993. Kosovo ma tana da tata daga 24 ga Maris 1999.

Wadda aka fi tsallakewa a ganina ita ce Korea Defense Service Medal. Ta shafi duk wanda ya yi aiki a Koriya ta Kudu tun daga 28 ga Yuli 1954, amma sai a farkon shekarun 2000 aka ƙirƙire ta, aka fara bayarwa a 2004. Kenan wanda ya yi shekararsa a Koriya a 1988 ko 1997 ya fita, ba yadda za a yi ya gan ta a takardarsa, ba laifin kowa ba ne, babu ita a lokacin. Dattawa da yawa ba su ma san da ita ba.

Sai taurari. Lambar Iraƙi da ta Afganistan ana maƙala musu ɗan tauraron tagulla ɗaya ga kowane zangon yaƙi da ka taɓa, ko da kwana ɗaya ne ya shiga zangon, muddin ka riga ka cancanci lambar. Zangon Iraƙi bakwai ne: 19 ga Maris zuwa 1 ga Mayu 2003, sai 2 ga Mayu 2003 zuwa 28 ga Yuni 2004, sai 29 ga Yuni 2004 zuwa 15 ga Disamba 2005, sai 16 ga Disamba 2005 zuwa 9 ga Janairu 2007, sai 10 ga Janairu 2007 zuwa ƙarshen 2008, sai farkon 2009 zuwa ƙarshen Agustan 2010, na ƙarshe daga 1 ga Satumba 2010 zuwa ƙarshen 2011. Ni Janairun 2005 na shiga na fito Janairun 2006, ka ga na taɓa zango biyu, tauraro biyu kenan. Su taurarin sai a 2008 aka amince da su, shi ya sa duk wanda ya fita kafin nan tasa tsirara take.

Tarko biyu a nan. Na farko, kar ka ruɗe tsakanin Global War on Terrorism Service Medal da Global War on Terrorism Expeditionary Medal, ta farkon ko wanda bai bar Amurka ba ya same ta kuma ita kaɗai ba ta ba da makin neman aiki, ta biyun ce ta waɗanda aka tura waje. Na biyu, ba a ba mutum lamba biyu a kan tafiya ɗaya. Waɗanda suka je Iraƙi ko Afganistan kafin ƙarshen Afrilun 2005 da yawa Expeditionary aka ba su don na ƙasashen ba su fito ba tukuna, an yarda su musanya, amma musanya ce, a cire waccan a sa wannan. In ka nemi a bar maka duka biyun a kan wata shida ɗaya za a ƙi. In kuwa tafiya biyu ka yi, ɗaya Kuwait kaɗai ɗaya Iraƙi, to kowacce da tata.

Overseas Service Ribbon ta sojan ƙasa kuma, wadda aka fara a Agustan 1981, ta kammala wa'adin zama ce a waje, ko Jamus ne ko Italiya ko Koriya. Ga waɗanda aka tura Iraƙi ko Afganistan, wata tara a jere ko wata goma sha ɗaya a rarrabe cikin shekara biyu ana lissafa shi a matsayin wa'adi ɗaya. Ba tauraro ake sa mata ba, adadi ake sawa, 2 ko 3.

Akwai kuma yabon da ake yi wa runduna gaba ɗaya, wanda sau da yawa sai an shekara biyu ko uku da dawowa ake amincewa da shi, lokacin kai ka daɗe da tuɓe kaki. Ka binciki sunan bataliyarku a jerin yabon rundunoni, in kwanakin da aka yaba sun haɗa da lokacin da kake cikinta to ka sa shi a buƙatarka.

Amma fa in abin da kake nema lambar bajinta ce ta kai kaɗai, irin su Bronze Star, wadda oga ya ce zai rubuta maka bai rubuta ba, wannan wata hanya ce daban. Sojan ƙasa shekara biyu yake bayarwa a shigar da sunan mutum, in ta wuce sai ta hannun ɗan majalisar tarayya a ƙarƙashin sashe na 1130 na dokar soja ta Amurka, da fom DA 638 da sa hannun shugabanninka na lokacin. Kar ka haɗa ta da wannan buƙatar, za ta ja maka sauran baya.

4. Haɗa hujja

A duk takardun nan babu kamar ta albashi. Akawun kamfani yana iya mantawa ya buga maka lamba, amma ofishin kuɗi ba ya biyan alawus ɗin haɗari, wanda a lokacinmu dala 225 ne a wata, sai an shigar da ƙasar da kake da ranar da ka isa, ga kuma cire haraji da ake yi wa wanda ke fagen daga, duk suna fitowa a LES. In naka sun ɓace, ka rubuta wa ofishin biyan albashin ma'aikatar tsaro, DFAS, ka nemi tarihin albashinka na waɗannan watannin. Nawa gyaran da wannan aka yi shi.

Sai dai akwai inda take gazawa. Mu da muka shiga Iraƙi ta Kuwait, alawus ɗin tun daga saukarmu Kuwait ya fara, don a lokacin ita ma tana jerin wuraren haɗari, to sai ka ga takardar kuɗin Kuwait kawai ta ambata daga farko har ƙarshe. Ta tabbatar da kwanaki amma ba ta tabbatar ka tsallaka iyaka ba. A nan sai ka tallafa mata da wata da ta kira sunan wuri: rahoton shekara da oga ya rubuta ya ce ka jagoranci ayarin motoci a Balad ko Tikrit, ko takardar yabo, ko fom ɗin duba lafiya na bayan dawowa DD 2796 inda kai da kanka ka lissafa wuraren da ka zauna, ko takardar asibitin sansani in ka taɓa zuwa ko da ciwon haƙori ne. Haka ita ma oda, cewa take za a tura ka, ba ta ce ka je ba, saboda haka ita kaɗai ba ta isa ba, ka haɗa ta da takardar neman kuɗin tafiya DD 1351-2 da aka cike bayan an dawo.

In duk babu, sai a koma ga na biyu a daraja. Wasiƙar shaida daga waɗanda kuka yi aiki tare, mutum biyu ko uku, kowa ya faɗi rundunarsa da wuri da watanni ya sa hannu, in zai yarda ya haɗa da kwafin tasa DD 214 da ta nuna tafiyar ya fi ƙarfi, sai ya shafe lambar sirrinsa ta Social Security. Ambulan ɗin wasiƙun da ka aiko gida mai hatimin gidan wayar soja, tambarin fasfo, hotuna masu kwanan wata. Hoto shi kaɗai ba ya cin shari'a, kowa na iya tsayawa gaban tanti cikin yashi, amma yana ƙara wa sauran nauyi.

Kowace takarda ka ba ta lamba a sama, hujja ta 1, hujja ta 2, ka ja layi a ƙarƙashin inda kake so a gani. Kwafi za ka aika, na asali ba ya barin gidanka. Kuma ka tabbata hoton ya fito ana karantawa, na sha ganin an ɗauki takarda a kan darduma rabi inuwa rabi yatsa.

5. Fara da ofishin rundunarka, kar ka yi tsalle zuwa kwamiti

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin watanni. Mutum ya ji labarin DD 149 sai ya cike ya aika babban kwamitin gyara, ya zauna jira, daga baya a dawo masa da ita a ce bai bi ƙananan hanyoyi ba tukuna. Kwamitin nan ƙofar ƙarshe ce. Lambar da hujjarta ke fili ofishin lambobin yabo na rundunar ne ke gyarawa. Sojan ƙasa da ya fita daga Oktoban 2002, ofishin kula da ma'aikata na sojan ƙasa, HRC, da ke Fort Knox a Kentaki. Wanda ya fita kafin nan ya fara da NPRC, su za su duba fayil su tabbatar ko su tura gaba. Na ruwa Millington a Tenesi, Marin Quantico a Bajiniya, na sama Randolph kusa da San Antonio a Teksas. Adireshin kowanne yana jikin SF 180, ka duba na sabon bugu.

Wasiƙar gajeriya ce, shafi ɗaya. Sunanka na aiki, lambarka ta shaida da ke DD 214, rundunarka, ranar sallama, sai ka ce ina neman a ƙara lamba kaza da tauraro kaza a gurbi na 13, a gyara 12f ya zama kaza, a rubuta ƙasa kaza daga rana kaza zuwa rana kaza a gurbi na 18, ga hujjoji a haɗe. Ka nemi ukun tare, don in ka ambaci lambar kaɗai ita kaɗai za a taɓa a bar maka sifilinka. Sa hannu, kwanan wata, waya da imel. In ta gidan waya ce ka aika da rajista ka adana rasit.

Duk amsar da ta zo ka ajiye, ko da ƙi ne, ita ce tikitin shiga mataki na gaba.

6. In an ƙi, sai DD 149

Kowace runduna da kwamitinta na farar hula da dokar soja ta Amurka ta kafa a sashe na 1552. Na sojan ƙasa ABCMR yana Arlington, na ruwa da Marin BCNR, na sama AFBCMR. Kar ka ɗauko DD 293, wancan na neman a canza nau'in sallama ne, ba ruwansa da lambar yabo.

A fom ɗin za a tambaye ka me kake so a gyara, ka kwafo jimlolin wasiƙarka. Za a tambaye ka me ya sa kake ganin kuskure ne ko rashin adalci, layi huɗu ko biyar sun isa, kana nuni ga hujja da lambarta. Sai ranar da ka gano kuskuren. Doka ta ce shekara uku daga ranar da ka gano, ba daga ranar sallama ba, kuma ko ta wuce kwamitin na da ikon yafewa saboda adalci, don haka kar shekara ashirin ta hana ka nema. Gaskiya kawai za ka faɗa, ban lura ba sai da na je neman aiki, ko lambar ba ta fito ba sai bayan na fita. Kar ka bar gurbin fayau. Batun bayyana a gabansu kuwa ni cewa nake a yanke da takardu, ba dole ne su kira ka ba, in sun kira kuma kuɗin jirgi daga aljihunka.

Kafin ka sa hannu ka karanta gargaɗin da ke wurin, ƙarya a fom ɗin nan laifin tarayya ne mai tara da ɗauri har shekara biyar. In kwana 24 ka yi, 24 za ka rubuta.

In mai takardar ya rasu, matarsa ko ɗansa ko iyayensa ko ɗan'uwansa na iya nema, da takardar shaidar rasuwa da abin da ya nuna dangantaka. In takardar aure ko ta haihuwa daga gida aka yi ta da Faransanci ko Larabci, a haɗa da fassarar Turanci mai sa hannun mai fassara.

Ba ka buƙatar lauya a kan wannan. Jami'an ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion da jami'in tsofaffin sojoji na gundumarku kyauta suke taimakawa. Wanda ya ce ka kawo dala ɗari biyar ya san wani a ciki, ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

7. Jira

Doka ta ɗora wa kwamitocin su gama kashi 90 cikin ɗari na buƙatu a wata 10, duka kuma a wata 18, ka ga ba abin sati biyu ba ne. Ka adana lambar shari'ar da za su ba ka. In ka tashi daga gida ko ka canza imel ka sanar da su a rubuce, musamman masu komawa gida Najeriya ko Gana ko Nijar su yi watanni, gara ka ba da adireshin ɗan'uwa amintacce a Amurka da imel ɗin da kake buɗewa kullum. Wani lokaci kwamiti kan nemi ra'ayin ofishin lambobi ya turo maka ka mayar da martani cikin ɗan wa'adi, in wasiƙar ta kwana a akwati kana Kano ana biki, za a yanke ba tare da bakinka ba. In shiru ya yi yawa, ofishin ɗan majalisar mazaɓarku na iya tambaya a madadinka, za su ba ka fom ɗin izini ka sa hannu. Ba sa canza hukunci, suna dai gano inda takarda ta kwana.

In an ƙi, ka karanta dalilin a natse, yawanci suna faɗin takamaiman abin da ba su gani ba. Kana da damar a sake dubawa in ka kawo sabuwar hujjar da ba su gani ba a baya. Sake aika tsofaffin takardun da ƙarin fushi ba ya komai.

8. In an amince

Ko a turo maka DD 215, wato 'yar takardar gyara da ake haɗawa da DD 214 su zama abu ɗaya, ko a buga maka sabuwar DD 214 ɗungurugum. Wannan karon karanta kafin ka ajiye, ka ƙirga taurarin, ka duba kwanakin, in akwai kuskure ka mayar nan take tun shari'ar na da ɗumi. Ka yi sikanin ka tura wa kanka ta imel, ka kai kwafi VA in kana da buƙata a can ko za ka buɗe, don kar ka ɗauka labari zai kai musu da kansa, ka kuma sabunta wanda ka loda a USAJOBS, shafin neman aikin gwamnatin tarayya, kullum takardun biyu tare.

Ƙarfen kansa gwamnati na bayarwa kyauta, na sojan ƙasa daga Filadelfiya ake aikowa, in bai zo ba ka nema da SF 180 ka haɗa da takardar gyaran. Na ƙasashen waje ne galibi sai ka saya da kanka a shagon kayan soja, kuma kar ka saya ka maƙala sai sunansa ya fito a takarda.